Ruwan da Ya Ƙi Kumfa

Ranar Talata Malam Isiyaku bai ɗauki alli ba.
Kwalabe biyu ya zaro daga aljihun rigarsa,
da guntun sabulu da aka yanka da reza.
Ya jera su kan tebur, ya zauna yana kallonmu
kamar mu ne muka zo da darasin.

Ya ce, "Akwai mai wanki a Rafindadi,
Baba Ɗan'azumi, shekara talatin yana bugun kaya.
Tun da aka haƙa sabuwar rijiya bayan shagonsa
sabulu ke ƙare masa kafin azahar.
Ruwan sai ya yi fari, kumfa kuwa ko ta magani babu.
Ku nemo masa dalili. Ni na rufe bakina."

Muka jira ya juya ga allo. Bai juya ba.
Mun saba a ɗura mana kamar ana cika randa,
mu haddace, mu amayar ranar jarrabawa.
Shiru ya yi tsawo har muka ji akuya
tana cin takarda a bayan taga.

Mudassir ne ya fasa shirun:
"Sabulun jabu ne, 'yan kasuwa sun cuce shi."
Duk muka gyaɗa kai,
don zargi ya fi tunani sauƙin ɗauka.
Lauratu ta ɗaga hannu rabi-rabi:
"To a raba sabulun gida biyu mana,
rabi a ruwan rijiyar, rabi a ruwan sama."
Aka girgiza.
Kwalba ɗaya ta tashi da kumfa har wuya,
ɗayar ta kwanta kamar nonon da ya tsinke.
Sabulu ya kuɓuta.
Mudassir ya soke layinsa na farko yana murmushin yaƙe.

Sauran makon bin sawun ruwa muka yi.
Na tuna butar shayin yayana a Ƙofar Sauri
da farin ɓawon da ke manne a gindinta.
Na kankaro shi da cokali, na ƙunso a takarda.
Muka ɗiga masa lemun tsami, ya hau tafasa ba wuta.
Sai a lokacin muka buɗe littafi da kanmu,
da yunwa,
muka tarar da kalsiyam zaune a shafi na tamanin da huɗu,
inda muka wuce shi tun zangon farko ko sallama babu.
Ashe shi ke riƙe wa sabulu hannu.

Barira ta ce a tafasa ruwan.
Ya ɗan yi aiki, har mun fara tafi,
sai Rufa'i ya lissafa kuɗin icce
ya ga ya ninka kuɗin sabulun.
Muka koma gidan jiya.

Kanwa ce ta fishe mu,
wadda kakata ke jefawa a tukunyar wake.
Gwajin farko mun zuba da yawa,
farin ƙyalle ya fito ja-ja-ja.
Muka dawo muna aunawa da murfin kwalba:
ɗaya bai isa ba, huɗu ɓarna,
biyu da rabi a bokiti, a bari ya kwanta, a tace.

Ranar Asabar muka je Rafindadi mu bakwai.
Tsohon ya dube mu, ya dubi ƙullin kanwar.
Da kumfa ta hau masa har gwiwar hannu
ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, "Kanwa? Wannan ta gidan kowa?"

Malam bai ce mun yi ƙoƙari ba.
Ranar Litinin ya shigo da ƙusa biyu,
ɗaya ta yi tsatsa, ɗaya tana ƙyalli,
ya ajiye su kan tebur.
Kafin ya zauna
Lauratu ta riga ta tambayi inda aka tsinto kowacce.